NOMA DA KIMIYYA: Fumfunar Da Ake Shukawa Da Gangan

Duk wanda ya bi hanyar Ningi daga birnin Bauci a cikin watan Oktoba, ya ratsa ta Gubi, zai ga gyaɗa a baje a bayan gidaje da bakin gonaki, an tuge ta ana jiran rana ta busar da ita, ga masara an ɓare an shanya a ƙasa, ga mata da yara suna tsinke 'ya'yan gyaɗa daga jikin harawa. Idan shekara ta yi kyau, wannan aiki ne na farin ciki. Amma idan ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta sha ƙishi tana cikin ƙasa mai zafi, sa'an nan kuma wani ruwan baya ya sauko a kan shanya, to akwai abin da ke shiga cikin amfanin nan wanda mudu ba ya aunawa, ido kuma ba safai yake ganinsa ba.

Kowa ya san ƙwayar gyaɗar nan da ta motse, wadda akan tauna a ji ɗaci a tofar. Kowa kuma ya taɓa ganin masarar da aka ɗebo daga ƙasan rumbu ta yi wata ƙura kore-kore mai ruwan ɗorawa. Wannan ƙura fumfuna ce, masana kimiyya suna kiranta Aspergillus flavus, kuma tana nan a cikin ƙasar kowace gona a ƙasashen zafi tun fil azal. Laifinta shi ne dafin da take zubawa a cikin hatsi, wanda ake kira aflatoksin. Shi dafin kansa ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari, ba shi da launin da ido zai kama. Saboda haka ƙwayar da aka tofar sauƙi ce. Wadda ta fi haɗari ita ce mai kyan gani da aka haɗiye. Dafuwar tuwo ba ta kashe shi, suyar ƙuli-ƙuli ba ta kashe shi, domin zafin da zai lalata shi ya wuce na murhun gida nesa ba kusa ba.

Duniya ba ta farga da wannan dafi ba sai a 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi sawu, sai aka tarar an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka sayo daga Birazil, a cikin tunkuzar kuwa ga wannan fumfuna. Daga nan ne masu sayen gyaɗa na Turai suka fara awon dafi kafin su karɓi kaya. Abin ya zo wa Nijeriya a mugun lokaci, gama a shekarun 1960 ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso Bauci yana kwasar buhuna zuwa bakin teku. Ba aflatoksin kaɗai ya rushe dalar ba: akwai farin farkon shekarun 1970, akwai kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta cinye kadada wajen 700,000, akwai kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. Amma dafin yana cikin manyan abubuwan da suka sa ƙofar kasuwar Turai ta yi wuyar sake buɗuwa. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda gyaɗar da za a ci kai tsaye ta ɗauki fiye da kashi 4 cikin kashi miliyan dubu na aflatoksin ba. Amurka ta tsaya a kashi 20.

Asarar kasuwa ƙaramar magana ce idan aka dubi abin da ke faruwa a cikin gida. Idan ɗan kasuwa ya tsince gyaɗa mai kyau ya kai ta birni, ragowar ba zubar da ita ake yi ba. Ita ce ake sayarwa da araha ga masu matsar mai, ita ce ke zama ƙuli-ƙuli da yajin tsire, ita ce ke shiga kunun yaye. Watau mafi munin kaya yana komawa bakin mafi talauci, kuma sau da yawa bakin mafi ƙanƙanta. Tun 1987 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na hanta. Idan ya haɗu da ciwon hanta mai lamba B, wanda ya yawaita a wannan yanki na Afirka, haɗarin ninkuwa yake yi. A 2002 wani bincike da aka yi kan yara 480 a Binin da Togo ya nuna cewa yaran da suka fi dafin a jininsu su ne suka fi tsumburewa. A 2004 kuma, a gabashin Kenya, mutane 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da ta yi fumfuna, 125 daga cikinsu suka rasu. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa tana fitar da wani nau'in dafin a cikin nononta, kajin gidan gona kuwa sukan rage ƙwai, su rame, su mutu.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Maganin da aka samo mai ban mamaki ne, gama ba feshi ba ne, ba kuma sabon irin shuka ba ne. Fumfunar ce da kanta. Wani masanin Ma'aikatar Gona ta Amurka, Dokta Peter Cotty, ya lura tun shekarun 1980 a gonakin auduga na jihar Arizona cewa ba dukan dangin Aspergillus flavus ke yin dafi ba. Akwai waɗanda kamarsu ɗaya da mai dafin, cinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya, amma ba su iya zubar da ko ɗigo. Sai ya ce, to me zai hana a yawaita waɗannan salihai a gona tun da wuri, su riga mugayen kama wuri? Dabarar dai irin ta ranar kasuwa ce: wanda ya yi sammako ya baje kolinsa a rumfa, mai zuwa da hantsi sai ya tsaya a rana. A 2003 hukumomin Amurka suka yi wa irin da ya zaɓa rajista da sunan AF36, a shekara mai bi kuma aka yi wa wani mai suna Afla-Guard, don masu noman gyaɗa.

A Nijeriya, Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashen Zafi da ke Badun, wadda aka fi sani da IITA, ita ta ɗauki aikin tun 2003 a ƙarƙashin Dokta Ranajit Bandyopadhyay, tare da Jami'ar Badun da masanan Amurka da na Jamus. Abu na farko da suka yanke shi ne ba za a shigo da fumfunar Arizona a zuba a ƙasar Nijeriya ba. Aka bi gonaki da rumbuna a sassan ƙasar nan aka tattaro fumfuna fiye da 4,000, aka yi ta tankaɗe da rairaya shekara da shekaru, har aka tsaya a kan huɗu. Sunayensu ba su da daɗin faɗi: La3279, La3304, Ka16127 da Og0222. Biyun farko daga masarar yankin Lafiya aka samo su. Su huɗun nan ake haɗawa a shafa a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, a rina ta da shuɗi don kada wani ya ɗauka abinci ce, a zuba a leda da sunan Aflasafe. Hukumar NAFDAC ta ba da izinin gwaji a 2009, ta yi masa cikakkiyar rajista a 2014.

Yadda ake aiki da shi ba ya bukatar injin ko famfon feshi. Manomi zai ɗebi kilo 10 don kadada ɗaya, ya bi kunya-kunya yana watsawa da hannu kamar mai yafa taki, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, a lokacin da ƙasa take da laima. Cikin 'yan kwanaki fumfunar za ta tsiro a jikin dawar, ta cinye ta, ta fitar da ƙurar iri wadda iska da ƙwari za su kai kan shuka. Kafin masara ta yi goyo, salihan sun riga sun cika wurin. Ba a nan kaɗai amfanin ya tsaya ba, domin su ne ke bin hatsin zuwa rumbu, su ci gaba da tsare shi a can. Rahoton gwajin shekara goma da IITA ta buga a 2019 ya nuna cewa a gonakin manoma da aka watsa wa maganin, dafin yana raguwa da fiye da kashi 80 cikin ɗari idan aka gwada da maƙwabtansu. Senegal da Gambiya, Burkina Faso, Gana da Kenya duk sun sami nasu, kowace da fumfunar ƙasarta.

Karatun Littafin Gado

To, a nan ne mai hankali zai ɗaga yatsa. An ce wa manomi ya sayi fumfuna da kuɗinsa, ya watsa a gonar da zai ci da iyalinsa, alhali ita ce dangin wadda ke kashe mutane. Wane tabbaci ake da shi cewa saliha ce da gaske? Idan yau ba ta yi dafi a ɗakin gwaji ba, me zai hana gobe ta yi a cikin rumbu? Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma a nan kamar ta kai inda ko madubin likita ba ya rarrabewa. Amsar wannan tambaya ita ce ta kai masana ga karanta littafin gadon fumfunar.

Kowane mai rai, daga ɗan Adam har zuwa fumfuna, yana ɗauke da umarnin halittarsa a rubuce a cikin wani sinadari mai kamar zare da ake kira DNA. Rubutun da baƙaƙe huɗu kacal aka yi shi, masana suna yi musu laƙabi da A, C, G da T, kuma yadda aka jera su shi ne ma'ana. Kowane yanki da ke ɗauke da umarni ɗaya shi ake kira ƙwayar gado, dukan rubutun gaba ɗaya kuwa shi ne littafin gado. Na Aspergillus flavus yana da baƙaƙe wajen miliyan 37, an raba su cikin juzu'i takwas, suna ɗauke da ƙwayoyin gado fiye da 12,000. Da za a ba almajiri ya karanta shi baƙi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi shekara ɗaya da wata biyu bai kai ƙarshe ba.

Hanyar karanta irin wannan rubutu Frederick Sanger na Ingila ne ya fito da ita a 1977. Sai a 1996 aka kammala karanta littafin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, wanda shi ma dangin fumfuna ne, bayan ɗaruruwan masana sun yi shekaru a kai. Na Aspergillus flavus an karanta shi a tsakiyar shekarun 2000 a Amurka. Yau injuna suna yin wannan aiki cikin kwanaki, da kuɗin da bai kai na babur ba.

Abin da aka gani a ciki ya warware matsalar. Ashe umarnin yin aflatoksin ba a warwatse yake ba. Ƙwayoyin gado wajen 25 zuwa 30 ne jere da juna a wuri guda, a kusa da ƙarshen juzu'i na uku, kamar babi ɗaya mai baƙaƙe wajen 70,000. Kowace ƙwaya tana da nata aiki, wannan ta miƙa wa wannan, kamar masu rini a marina, har a fitar da dafin a ƙarshe. Idan ɗaya ta tsaya, aiki ya tsaya. Da aka buɗe wannan babi a jikin AF36 ta Amurka, sai aka tarar baƙi ɗaya tak ne ya sauya a cikin wata muhimmiyar ƙwaya, sauyin kuwa ya zama kamar waƙafi a tsakiyar jimla, karatu ya yanke kafin a kai ga ma'ana. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ɗigo ɗaya ke yi wa baƙi. A jikin fumfunar Afla-Guard kuwa ba kuskuren alƙalami ba ne: babin gaba ɗaya babu shi, kamar an yage shi daga littafin.

Na Nijeriya fa? A 2016 Adhikari da Bandyopadhyay da Cotty suka buga sakamakon karanta wannan babi a jikin fumfuna 35 marasa dafi daga Afirka da Arewacin Amurka, suka nuna hanyoyin lalacewarsa iri-iri ne: wasu baƙaƙe kaɗan suka gurɓata, wasu sun rasa yanki, wasu sun rasa duka, kuma da yawa suna da lahani fiye da ɗaya, alamar cewa sun daɗe da barin sana'ar. Og0222 tana cikin waɗanda suka rasa babin ɗungurum. A 2022 kuma Dokta Perng-Kuang Chang na Ma'aikatar Gona ta Amurka ya duba littafin La3279, 'yar Lafiya, ya ba da rahoton cewa guntun babin kawai ya rage mata. Ya kamata a lura ba wanda ya taɓa waɗannan fumfuna da almakashin kimiyya. Haka aka same su a gona, an dai zaɓe su ne kamar yadda manomi ke zaɓen zangarniyar da zai ajiye don iri. Wannan bambanci yana da muhimmanci a ƙasar da mutane suke ɗar-ɗar da irin da aka sauya wa halitta, kuma malaman gona suna da haƙƙin bayyana shi a fili.

Wani abin sha'awa da karatun ya tono shi ne labarin Japan. Ɗaruruwan shekaru mutanen can suna kiwon wata fumfuna mai suna Aspergillus oryzae suna haɗa miyar waken soya da ita, kamar yadda matan Hausa ke kiwon nasu ƙwayoyin a kwandon daddawa ba tare da sun san sunansu ba. Da aka karanta littafinta a 2005, aka kuma gwada da na flavus, sai aka ga kusan abu ɗaya ne. Ita ce dai aka horar ta zama ta gida, ta daina dafi. Watau abin da ake ƙoƙarin yi a gonar masara yau, wasu sun daɗe da yin irinsa a tukunya.

Inda Shakka Ta Rage

Ba daidai ba ne a ce karatun ya rufe kowace ƙofa. An daɗe ana zaton wannan fumfuna ba ta aure, kowace tana haifar kwafinta ne kawai. A 2009 wasu masana a Amurka, Horn da Moore da Carbone, suka nuna a ɗakin gwaji cewa tana da jinsi biyu, kuma suna iya haɗuwa su haifi 'ya'ya masu gadon ɓangarorin biyu. Nan take tambaya ta taso: idan saliha ta auri mai dafi, ba za a sami ɗa mai ƙarfin uwa da dafin uba ba? Cotty da abokan aikinsa suka bi dangin AF36 a samfurorin da aka tara shekaru masu yawa daga gonaki, ba su ga alamar cuɗanya da masu dafi ba. Wasu masanan kuwa suna ganin auren yana faruwa a cikin ƙasa fiye da yadda ake zato, har ma suna cewa zai iya zama alheri, domin yana yaɗa rashin dafi a cikin dangi. Muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, wadda ta rasa babin gaba ɗaya ta fi kwanciyar hankali a kan wadda baƙi ɗaya ya hana ta.

Akwai kuma wata. Littafin ya nuna cewa ban da babin aflatoksin, fumfunar tana da wasu babuka fiye da 50 na sinadarai daban-daban, kuma dab da babin aflatoksin akwai na wani dafi mai sauƙin illa da ake taƙaita sunansa da CPA. AF36 ba ta yin na farko amma tana yin na biyu. Ta Afla-Guard ta rasa duka biyun. Da ba don karatun littafin gado ba, da mai zaɓen iri zai yi ta gwaje-gwaje cikin duhu. Yanzu yana iya duba takarda ya ce wannan ta isa, wannan a ajiye ta. Haka nan kuma da waɗannan baƙaƙe ake gane sawun fumfunar bayan an watsa ta: a ɗebi masara daga kasuwa, a duba wasu alamomi a jikin DNA, a san ko fumfunar da ke kanta 'yar Aflasafe ce ko baƙuwa, a kuma kama mai sayar da dawar da aka rina da shuɗi kawai ba komai a jikinta.

Ba ita kaɗai ce fumfuna mai amfani ba. Akwai Trichoderma, mazauniyar ƙasa, wadda ke nannaɗe fumfunar da ke ruɓar da saiwar tumatir da wake ta narkar da ita. A 2011 aka karanta littattafan iri biyu nata, aka ga tarin ƙwayoyin gado na sinadaran da take huda bangon abokan gabarta da su. Akwai Metarhizium mai kashe fara, wadda asalin irin da aka yi maganin Green Muscle da shi daga jikin mataccen fara aka samo shi a Jamhuriyar Nijar, a ƙarƙashin shirin LUBILOSA da ya gudana daga 1989 zuwa 2002. A Samaru ta Zariya ma an daɗe ana gwada wata Fusarium mai kama wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse dawa da masara. Darajar irin waɗannan magunguna ta fito fili ga duk wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa.

Hangen Dala

Duk da haka hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matsalar Aflasafe ba a ɗakin gwaji take ba, a kasuwa take. Taki yana ƙara yawan buhu, manomi yana gani da idonsa. Wannan kuwa ba ya ƙara ko tiya ɗaya; abin da yake yi shi ne cire abin da ba a gani. A kasuwar Muda Lawal ko ta Soro, buhun da aka tsare da wanda ba a tsare ba kuɗinsu ɗaya, gama mai saye ba shi da abin awo, ba kuma wanda ya tilasta masa ya nema. Shirin AgResults da ya gudana daga 2013 zuwa 2019 ya gwada biyan ladan dala 18.75 a kan kowane tan na masarar da aka tabbatar an watsa mata maganin, kuma manoma da yawa sun shiga, musamman a Kaduna da Kano, inda masu haɗa abincin kaji da kamfanonin abinci suke neman tsabtataccen hatsi. Darasin a fili yake: inda akwai mai sayen da zai biya bambanci, manomi ba ya bukatar wa'azi. Inda babu, saura hujja ɗaya, watau lafiyar 'ya'yansa, kuma wannan hujja sai an sami wanda zai kai masa ita har gona da harshen da yake ji.

Sa'an nan maganin ba ya ɗauke wa kowa aikin da ke kansa. Gyaɗar da aka bari a ƙasa bayan ta nuna, ko aka sassare ta da fartanya wajen tugewa, ko aka tara ta da danshi, tana buɗe wa fumfuna ƙofa. Shanya a kan tamfol ta fi shanya a ƙasa. Masara sai ta bushe ƙayau kafin ta shiga rumbu. Buhunan nan masu leda biyu a ciki, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da cibiyar binciken noma ta Nijar a Maraɗi, suna hana ƙwari huda hatsi, ramin ƙwaro kuwa shi ne hanyar fumfuna. Ita kuma gyaɗar da aka tsince aka ware, ba ta kunu ba ce, ba ta kaji ba ce.

Maganar da ta fi dacewa da Gubi ita ce ta wane ne ke yin karatun. Fumfunar ta Lafiya ce, amma a Amurka aka buɗe littafinta. Ba laifi ba ne a yi aiki da baƙi, sai dai ƙasar da ba ta iya karanta abin da ke cikin ƙasarta ba kullum tana jiran a fassara mata. Tun 2010 yarjejeniyar Nagoya ta ce ƙasar da aka ɗebi wata halitta a cikinta tana da rabo a ribar da aka samu, amma da zarar an mai da halittar baƙaƙe an ɗora a intanet, kowa yana iya saukewa ba tare da ya taka ƙasar ba. Wannan ne ya sa taron Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kali ta Kolombiya a 2024 ya amince da kafa asusun da manyan kamfanoni masu cin moriyar irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kuɗi. Mai nasa rubutun a hannu ya fi mai jiran asusu ƙarfin magana.

Ba kuwa abu ne da ya fi ƙarfin Nijeriya ba. A watan Maris na 2020 cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun ce ta fara karanta littafin ƙwayar cutar korona a duk nahiyar Afirka. Akwai injin karatu mai suna MinION wanda bai fi wayar hannu girma ba, ana haɗa shi da kwamfuta. Da shi aka bi sawun Ebola a Gini a 2015, da shi kuma aka gano cututtukan rogo a cikin gonakin manoma a Tanzaniya da Uganda da Kenya a 2018. Abin da ke da wuya ba injin ba ne, wutar lantarki ce mai ɗorewa, da firjin ajiye sinadarai, da kuɗin sayensu a kai a kai, da mutanen da suka iya fassara baƙaƙen bayan injin ya zubo su.

A Gubi akwai mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a can sashen koyar da aikin gona yake. Akwai madatsar ruwan da ke shayar da birnin Bauci, da masu noman rani a kewayenta. Akwai gonakin gyaɗa da masara da dawa har bakin shingen jami'a. Fumfuna huɗun da ke cikin Aflasafe an zaɓe su ne don su yi aiki a faɗin ƙasa, amma ƙasar Bauci, mai gajeren damina da zafin kaka, tana da nata dangin a cikin turɓaya, masu dafi da marasa dafi, kuma yanayin da ke ƙara zafi yana sauya wanda ke rinjaye a cikinsu. Ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗebo ƙasa cokali-cokali daga gonaki hamsin tsakanin Gubi da Kafin Madaki, ya tsirar da abin da ke ciki a faranti, ya ware marasa dafi, ya karanta babi na juzu'i na uku a jikinsu, ya kuma auna ƙuli-ƙulin kasuwannin birni ya faɗa wa Hukumar Raya Aikin Gona ta Jihar Bauci abin da ya gani. Ita kuma hukumar tana da malaman gona da za su iya nuna wa manoma watsin dawar shuɗi a kadada ɗaya ta gwaji a kowace gunduma. Lokacin watsin gajere ne, ga masarar da aka shuka a watan Yuni yana faɗowa ne a cikin Yuli, saboda haka kayan sai sun iso shagunan Bauci kafin ruwan farko ya sauka.